Yadda ake liƙe tsagar kwalta da roba mai zafi a harabar kasuwanci a Kano

Duk mai filin ajiye motoci a gaban rukunin shaguna, ko harabar masana'anta a Sharada, Bompai ko Challawa, ko sito da tireloli ke shiga su sauke kaya a wajajen Dawanau, ya san yadda abin yake farawa. Wata safiya za ka ga wani siririn layi a kan kwaltar kamar an ja shi da reza, ka wuce abinka. Shekara ta zagayo, layin ya buɗe har yatsa yana shiga, ciyawa ta tsiro a ciki. Bayan damina biyu sai ga rami, direbobi na kauce masa, kai kuma kana cigiyar wanda zai yi maka faci.

Abin da ya mayar da layin nan rami ruwa ne. Kwaltar da kake gani rufi ce kawai, abin da ke ɗauke da nauyin mota shi ne tsakuwa da marmarar da aka daddaɓe a ƙarƙashinta. Muddin suna bushe, ƙarfinsu na nan. Da ruwan Agusta ya samu ƙofa ya jiƙa marmarar, sai ta yi laushi, tirela ta bi ta kai, kwaltar ta lotsa ta farfashe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma aikin da za mu yi bayani a nan toshe wannan ƙofa ne kafin ruwa ya same ta.

Tun daga farko ka riƙe abu ɗaya: zuba robar shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Inda ake cin nasara ko a yi asara shi ne wajen share tsagar, busar da ita, da kula da zafin tukunya.

Ba kwaltar duro ba ce

Da yawa in an ce a liƙe tsaga, abin da ke zuwa musu a rai shi ne a raba duro biyu, a ɗora a kan itace, a narka kwalta a ɗiba da gwangwani a tsiyaya. Na sha ganin ana yi, wasu har da ƙara baƙin mai ko kananzir wai don ta tsinke. Ranar da aka yi, wurin yana yin baƙi yana sheƙi, mai wuri ya biya kuɗi yana murna. Amma kwalta zalla ba ta da talewa. Da sanyin hunturu ya shigo sai ta sandare ta tsage daidai inda tsohuwar tsagar take, da bazara kuma ta narke ta bi tayoyi da takalman mutane har cikin shaguna.

Robar da ake nufi haɗi ce ta musamman daga masana'anta: kwalta ce da aka gauraya da sinadaran roba, wani lokaci har da garin tsohuwar taya, ta yadda in ta huce za ta riƙa miƙewa tana komawa. Dalilin buƙatar haka shi ne tsaga ba a tsaye take ba. Da daddare in gari ya yi sanyi kwalta na tsukewa, tsagar ta buɗe. Da rana ta kumbura, tsagar ta matse. A Kano, inda asubahin Janairu ke sa mutum rawar ɗari sannan azahar ɗin Afrilu ta haura digiri 40, wannan motsi ba ƙarami ba ne.

Tana zuwa ne dunƙule a cikin kwali, yawanci kilo 13 zuwa 14 kowane, kuma galibi daga waje ake shigo da ita, don haka farashinta dala yake bi. A jikin kwalin ka nemi lambar ma'auni ASTM D6690, wadda ta kasa robar gida huɗu. Kashi na huɗu an yi shi ne don ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, yana da laushi ƙwarai, a zafin Kano zai zame maka ƙarfen ƙafa. Ka tambayi mai sayarwa wadda aka yi don ƙasashe masu zafi ko don filin ajiye motoci, ka kuma sa ya nuna maka takardar bayaninta. A ciki akwai zafin da take fara laushi. Ma'aunin bai yarda ya gaza digiri 80 ba, kuma a wurinmu duk wadda ta fi haka ta fi, domin fuskar kwalta da tsakar ranar bazara tana iya wuce digiri 60. In an kawo kwalayen, a ajiye su a inuwa a rufe, kada ruwa ya taɓa su.

Fara da zagaya filin da ƙafa

Ka ɗauki alli ko fenti, da awo, ka fita da sassafe lokacin da tsagogin suka fi buɗewa, rana kuma tana kwance inuwarsu ta fito. Ba kowace tsaga ake liƙewa ba, kuma rashin sanin wannan shi ke cinye kuɗin mutane.

Waɗanda robar ke yi wa magani su ne tsagogi ɗai-ɗai masu tafiya a miƙe: wadda ta ratsa filin a gicciye, wadda ta bi tsawon inda shimfiɗa biyu suka haɗu lokacin da aka zuba kwaltar, wadda ke gefen inda aka taɓa haƙa ramin bututun ruwa ko wayar lantarki aka mayar, da kuma gaɓar da ke tsakanin kwalta da kankaren lambatu. Wannan ta ƙarshe mutane na mantawa da ita, alhali nan ne ruwa ya fi taruwa. Faɗin da ya dace shi ne daga milimita 3 zuwa kamar 25, wato daga kaurin tsinken ashana biyu zuwa faɗin babban yatsa. Wadda ba ta kai milimita 3 ba roba ba za ta shige ta ba sai an faɗaɗa. Wadda ta wuce 25 kuwa ta fi ƙarfin roba ita kaɗai, taya za ta danna ta ta fito. Irin wannan sai a cike da haɗin kwalta mai ƙananan tsakuwa.

Akwai tsagar da ke raba fili manyan murabba'ai, kamar ƙasan tafki in ya ƙafe. Alamar tsufa ce, rana ta ƙone man da ke cikin kwaltar. In murabba'an manya ne, ana iya bin layukan a liƙe. In sun yi yawa har ka ga rabin filin zai koma roba, gara ka tara kuɗin ka sake shimfiɗa.

Wadda ba a taɓawa ko kaɗan ita ce mai kama da bayan kada, ƙananan gutsattsari a cure wuri ɗaya, yawanci a inda tayar manyan motoci ke bi ko inda suke juyawa. Wannan ba ciwon fata ba ne, ƙasan ne ya mutu. Ka taka wurin, wani lokaci za ka ji yana motsi, bayan ruwa kuma ka ga jan laka na fitowa ta cikin tsagogin. Ko ka juye kwali goma a kai, tirela ɗaya ta isa ta watsa shi. Maganinsa a yanke wurin murabba'i, a kwashe ruɓaɓɓen, a daddaɓe sabon ƙasa a yi faci. Haka ma inda man dizal ko baƙin mai ya daɗe yana ɗiga, kamar wajen janareto ko inda tankoki ke kwana: man ya riga ya cinye kwaltar, ba abin da roba za ta kama. In kuma saiwar darbejiya ce ta ɗago kwaltar, sai an yi maganin saiwar tukuna.

Kana tafiya kana sa alama kala biyu, ɗaya ta liƙi ɗaya ta faci, kana kuma auna tsawon na liƙin. A fara gama faci kafin a zo liƙi.

Wani abu kuma: wannan duk a cikin harabarka ne. Titin da ke gaban ƙofarka ba naka ba ne, na jiha yana hannun hukumar gyaran tituna ta jiha, KARMA, na tarayya yana hannun takwararta ta tarayya, FERMA. Kada ka tare hanya da tukunyar wuta ba da izini ba.

Wane lokaci?

A damina ba a yi. Ko saman ya bushe, cikin tsagar na riƙe da danshi kwanaki. A bazara kuma tsagogin a matse suke saboda zafi, roba kaɗan ce za ta shiga, sannan in sanyi ya zo su buɗe su yage ta. Ga shi ba ta saurin hucewa a kan kwaltar da ita kanta kamar tanda take. Lokacin da na fi so shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu: ƙasa ta bushe, tsagogin sun buɗe daidai, robar na hucewa da wuri. A ƙarshen Oktoba ma ana iya farawa, sai dai a jira raɓa ta ɗauke.

Matsalar hunturu ita ce ƙura. Ranar da hazo ya sauko sosai iska na kaɗawa, tsagar da ka share yanzu kafin ka waiwaya ta sake yin fari. In ranar ta yi muni, a ɗaga aikin.

Sai kuma ruwan da ba na sama ba, wanda a wurarenmu ya fi ɓata aiki. Kwana biyu kafin a fara, ka yi magana da mai wankin mota, da 'yan garuwa, da mai shayin bakin ƙofa. Ka duba inda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga da inda tanki ke ambaliya in ya cika. In akwai masallaci a harabar, ka roƙi jama'a su koma yin alwala ta ɓangaren lambatu na kwana biyun nan. Ka zaɓi ranar da wurin ba cinkoso, a yawancin rukunin shaguna Lahadi ce, ka sanar da masu shaguna tun da wuri don a kwashe motoci.

Kayan aiki da lissafin roba

Babban kayan aiki shi ne tukunyar narkarwa. Ta ƙwarai tukunya ce cikin tukunya, da mai na musamman a tsakaninsu. Wuta na dafa man, man na dafa robar, ga kuma abin motsawa a ciki da ma'aunin zafi. Manyan suna da famfo da tiyo mai sanda a baki. Akwai ƙananan da ake turawa da hannu, waɗanda wutar gas ke dukan gindinsu kai tsaye. Suna aiki a ƙaramin fili, amma da sharaɗi biyu: robar ta zama irin wadda aka rubuta cewa tana jure wuta kai tsaye, kuma a sa mutum ɗaya ba shi da aiki sai motsawa.

Bayan ita kana buƙatar kwamfuresa mai ƙarfi, wato injin matsa iska, wadda matsin iskarta ya kai kamar 7 a ma'aunin bar, da matatar da ke tare ruwa da mai. Ka gwada ta: hura iskar a kan farin ƙyalle, in ya yi dabbare to tana feso mai, kuma man nan zai hana robar kamawa. Injin hura shara na hannu yana kore ƙurar sama ne kawai, ba ya isa cikin tsaga. Sai buroshin waya, ƙugiyar ƙarfe ta ƙwaƙulo datti, butar ƙarfe mai dogon baki in ba tiyo, abin shafe roba mai baki kamar harafin V ko U, ma'aunin zafi na hannu, busasshen rairayi mai laushi da aka tankaɗe, igiya ko durom na tare hanya, da abin kashe gobara na hoda. Ƙananan kayan nan akasari za ka same su a Kofar Ruwa ko Sabon Gari. Tukunyar da robar ne ke buƙatar a nema tun da wuri.

Ga yadda nake lissafi. Tsaga mai faɗin milimita 12 da zurfin 12 tana cin kusan lita 0.15 a kowace mita. In za a bar ɗan shafe a sama mai faɗin santimita 6 da kaurin milimita 2, ƙara lita 0.12. Robar ta ɗan fi ruwa nauyi, don haka jimla kusan giram 300 ke nan a mita, wato kwali ɗaya zai kai ka mita 40 zuwa 45. In ka auna mita 600, ka tanadi kwali 14 ka ƙara biyu, domin tsagogi masu zurfi suna shan fiye da lissafi, wani kuma zai maƙale a tukunya.

Mutum biyar sun isa: mai tukunya, mai ƙwaƙula, mai iska, mai zubawa, mai shafewa.

Gyaran tsagar

In ciyawa ta kafu a ciki, a fesa maganin ciyawa mako ɗaya ko biyu kafin ranar aiki, sannan a tuge ta da saiwarta. Wadda aka yanke sama kawai za ta huda robar ta fito da damina.

Daga nan sai shawarar faɗaɗawa. Akwai injin da ke bin tsaga yana yanka mata kwari mai faɗi da zurfin milimita 12 zuwa 19. Amfaninsa biyu: yana cire ruɓaɓɓen baki ya bar sabon gefe mai ƙarfi, kuma yana ba robar wurin zama mai kauri da za ta iya talewa ba ta yage ba. Liƙin da aka faɗaɗa ya fi daɗewa, babu tantama. Sai dai injin ba ko'ina ake samunsa ba, kuma in kwaltar ta tsufa tana marmashewa, ɓarnar da zai yi ta fi gyaran. Ka gwada mita biyu, in gefen na ɓantarewa a bari. A gajerun tsagogi miƙaƙƙu ana iya amfani da injin yankan kankare na hannu, mai yankan ya rufe hanci da baki sosai don ƙurar dutse na illa ga huhu. In ba za a faɗaɗa ba, sai a ninka ƙoƙari wajen sharewa.

Mai ƙugiya ya shiga gaba yana ƙwaƙulo ƙasa, tsakuwa, ledar ruwa, murfin kwalba, duk abin da shekaru suka cusa. Ya kuma goge gefen biyu da buroshi. Sannan mai iska ya kafa bakin tiyon kusa da tsagar, kamar santimita 5, yana tafiya a hankali yana kora dattin gaba. Sau biyu ake bi: na farko ya fitar da na ciki, na biyu ya kore na bakin tsagar, aƙalla tafin hannu ta kowane gefe. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka a fara daga wannan kusurwar, ƙurar ta riƙa tafiya inda ba a riga an share ba. Na taɓa ganin an yi akasin haka a wata haraba, mai iska yana ta aiki tuƙuru yana mayar da ƙura cikin layukan da ya gama.

Gwajin tsabta ba wuya. Sa yatsa ka shafi bangon tsagar. In ya fito da ƙura, ba a gama ba. Roba ba ta bambance kwalta da ƙura, duk wanda ta fara tararwa shi take kamawa, in kuwa ƙura ta kama to a kan iska take zaune.

Danshi ya fi ƙura sharri. Akwai sandar da ke feso iska mai tsananin zafi, tana busarwa tana kuma ɗumama gefen yadda robar za ta kama da kyau. In kana da ita, a yi tafiya da ita ba tsayawa: kwaltar ta ɗan yi duhu ya isa, in ta fara hayaƙi ko tsakuwa ta fito fari an ƙone ta, kuma ƙonannen gefe ɓallewa yake tare da robar. Masu amfani da wutar gas tsirara sun fi faɗawa wannan kuskure, shi ya sa ban cika son ta ba. A rani sosai, in ba wanda ya zubar da ruwa, iska mai ƙarfi kaɗai kan wadatar.

Tsagar da ta yi zurfi har ba ka ganin ƙasanta, kada ka ce za ka cika ta da roba, rijiya ce. A zuba busasshen rairayi ko a cusa igiyar soso mai jure zafi, a bar kamar santimita 2 daga sama.

Kada mai iska ya yi wa mai zubawa nisa. Tazarar 'yan mintuna ta isa. Share filin duka yau a zuba gobe aikin banza ne.

Narkarwa

A kunna tukunya tun bayan sallar asuba, domin takan ɗauki awa ɗaya ko fiye kafin ta kai. A leƙa ciki tukuna a tabbatar babu ko ɗigon ruwa. A cire kwalin, siririyar ledar da ke manne da dunƙulen yawanci an yi ta ne don ta narke tare. A sa dunƙulen a hankali, ba jefawa ba, fuska a kauce.

Kowane kwali yana ɗauke da lambobi biyu: zafin zubawa da zafin da ba a ƙetarewa. A yawancin iri na farkon yana wajen digiri 190 zuwa 195, na biyun kuma kaɗan ya haura 200. Ka ga tazarar ba ta da yawa, shi ya sa aikin ido ba ya yi, sai ma'auni. In ba ta kai ba, tana fita da kauri, ta tsaya a bakin tsaga ba ta shiga ba, ba ta kuma narka gefen ta kama ba. In ta wuce, sinadarin robar ya lalace: ko ta tsinke kamar ruwa, ko ta yi kauri tana jan zare da gudaji. Wadda ta kai haka ba ta gyaruwa, a kwashe a zubar. Ba a ƙara mata mai, ba a ƙara kananzir, ba a haɗa iri biyu a tukunya ɗaya.

Ana ɗiba ana ƙara sabon dunƙule ɗaya-ɗaya, kada a bari tukunya ta kusa ƙarewa sannan a lafta mata uku, zafin zai faɗi aiki ya tsaya. Abin da ya kwana a tukunya, yawancin masu yin robar sun yarda a sake narka shi sau ɗaya ne kawai, don haka a narka daidai aikin yini.

Nan ne wurin maganar ƙuna. Abu ne mai zafin kusan ninki biyu na tafasasshen ruwa, kuma in ya taɓa fata mannewa yake. Ba silifas, ba gajeren hannu, ba rigar leda mai narkewa. Kowa ya sa takalmi rufaffe, safar hannu ta fata, da abin kare fuska ga mai tukunya. Ruwa in ya shiga tukunyar, robar kumfa take ta yi ambaliya, don haka ko ledar ruwan sha kada a ajiye a kan murfin. In ta zubo wa mutum, a sa wurin cikin ruwa mai sanyi na aƙalla minti 20, kada a ɓanɓare robar, kada a shafa ƙwai, manja, man goge baki ko fetur, a wuce asibiti da shi. A ajiye bokitin ruwa don wannan, nesa da tukunya. A gidan mai kuwa, tukunyar ta tsaya can nesa da famfuna da bakin tankunan ƙasa, a kashe wuta duk lokacin da tanka ke sauke mai. Daben kankaren da ke gaban famfo ma ba wannan robar ake sa masa ba, fetur na narkar da ita, akwai wadda aka yi don wurin.

Zubawa da shafewa

A fara da gwajin mita biyu ko uku. In ka ga ƙananan kumfa na tasowa suna fashewa, akwai danshi a ciki, a dakata a busar. In ta kwanta lumui, a ci gaba.

Bakin sandar ko butar ya shiga cikin tsagar, a cika daga ƙasa zuwa sama, ana tafiya da gudu ɗaya ba tsalle, don kada iska ta maƙale a ciki. Mai shafewa na biye da shi taku ɗaya, kafin ta fara sandarewa. In da buta ake yi, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, domin tana hucewa a hanya, abin da ya yi kauri a mayar tukunya.

Yadda za a gama saman ya danganta da wurin. A hanyar da motoci ke wucewa a miƙe, ana barin shafe mai faɗin santimita 5 zuwa 8, kaurinsa kada ya wuce milimita 3, gefensa a kwance. A inda motoci ke murza taya a tsaye, ko inda mutane ke yawan takawa kamar gaban shaguna, na fi son a cika daidai da fuskar kwalta a shafe ragowar, domin a zafinmu duk abin da ya yi tudu taya za ta kwashe shi. Leburori na son faɗaɗa shafen don aikin ya fito a ido, kada ka yarda. Asarar roba ce, kuma faffaɗan shafe yana da santsi ga babur da adaidaita sahu in ya jiƙe ko ya yi zafi. In kuma kana da niyyar sake shimfiɗa kwalta a kai nan da shekara, a bar robar ta ɗan yi ƙasa da baki, ba shafe, in ba haka ba zafin sabuwar kwaltar zai taso da ita ta yi ƙulu-ƙulu.

Bayan minti goma ka waiwayi baya. Inda robar ta nutse, a ƙara tun wurin yana da tsabta.

Buɗe wuri da duba aiki

A hunturu minti 20 zuwa 30 kan isa ta huce. Ka danna da yatsa, in ba ta manne ba mota na iya bi. In dole ne a buɗe da wuri, kamar a bakin ƙofa, a barbaɗa rairayin nan sama-sama bayan ta fara kamewa. Barbaɗawa na ce. Wanda aka jibga tun tana ruwa shiga cikinta yake ya kashe talewar. Manyan motoci su yi haƙuri da juyawa a kan layukan sai washegari.

Da ta huce sosai, zaɓi wurare uku ko huɗu da kanka, ba waɗanda aka nuna maka ba. Sa bakin sukundireba a gefen robar ka ɗaga. Mai kyau za ta miƙe tana turjiya, in ta rabu ma ta taho da ƙwayoyin tsakuwa. In ta ɓare salin-alin kamar filasta, ƙasanta da ƙura, to ba a share ba, kuma duk layin da aka yi a wannan lokacin abin zargi ne.

In ɗan kwangila ka ba aikin, ku yi ciniki a kan mita, ku auna tare kafin a fara. Ka ga kwalayen a rufe kafin a buɗe, ka ƙirga fankon bayan an gama ka gwada da lissafin da ke sama. Ka tambaye shi ma'aunin zafinsa. In ya ce, "Alhaji, ai mu da ido muke ganewa," ka nemi wani. Ka kuma riƙe wani kaso na kuɗin, da yardarsa a rubuce, sai an ga yadda aikin ya yi da zafin Afrilu da ruwan farko.

Liƙin da aka yi da kyau yakan kai shekara uku zuwa biyar, wanda aka faɗaɗa ya kan wuce haka. Amma sababbin tsagogi ba sa daina fitowa, don haka duk shekara in damina ta ɗauke ka sake zagayawa da allinka. In an yi ruwan farko mai ƙarfi kuma, ka fita da lema ka ga inda ruwa ke kwanciya. Wurin da ya wuce awa ɗaya bai janye ba, matsalarsa gangara ce ko toshewar lambatu, sai a kira masu yashe kwata kafin a sake kiran mai roba.